Diskin da Na Ce Kuran Ya Ƙona

Ni ne na yi laifin. Na sa wannan a layin farko don kada in kai ƙarshen takarda in sake samun hanyar zillewa, domin na ƙware a zillewa. Shekara goma sha huɗu na bar kawuna, wan mahaifiyata, yana ɗauke da sunan mai sakaci a kan wani aiki da ni na lalata da hannuna, na ce masa kuran ne, wato wutar lantarki, ya ƙona shi. Ya rasu ranar Talata da hantsi bai ji gaskiya daga bakina ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce kwaleji ba, sana'ata gyaran waya a Maourey, nan cikin Yamai. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a unguwar Gamkalley, daga bakin zaure har gindin itacen bedi. Waɗanda suka zo gaisuwa yawancinsu ba su san juna ba. Ga masu garka, wato lambu, na bakin kogi, laka ba ta bushe a ƙafarsu ba, suna ta gaisuwar “fonda tilas” da Zabarmanci. Ga tsofaffin malaman lakwal, wato makarantar boko, da sandunansu. Ga kuma masu aikin ordinater, wato kwamfuta, da jakunkuna a baya, suna zaune a takure kamar sun manta yadda ake zama a tabarma.

Wani mai garka ya ce: “Mu dai ba mu taɓa gane abin da yake yi a ɗakin can ba. Amma in injin ban ruwa ya ƙi tashi, bai taɓa ce mana ba aikinsa ba ne.”

Wata tsohuwa mai sayar da kopto, kwaɗon ganye, ta tsaya daga nesa da tasarta a ka. Ta tambaya wa ya rage da zai riƙa yi mata gardama a kan yawan yaji. Ta share ido da bakin zane ta tafi.

Sai aminin Kawu ya gyara murya. Tsohon direktan lakwal ne a wani ƙauye na ƙasar Tahoua, tun suna ɗalibai suke tare. Baba muke ce masa.

“Mutumin nan,” in ji shi, “a iya sanina sau ɗaya ya yi sakaci a duniya. Shekarar fari, da ya bar ordinater a jone ya tafi gida kai hatsi, kuran ya cinye masa aikin kusan shekara. Kuma bai ɓoye ba. Shi da bakinsa yake ba ɗalibai labarin.”

Ɗaya daga cikin masu jakunkuna ya ce: “Wallahi Baba, saboda labarin nan nake ajiye aikina wuri uku.”

Aka yi ta Allah ya jiƙansa. Ina tsaye ina raba ruwa a kofuna, na ce amin tare da kowa.

Kawu malamin lissafi ne da farko. Daga baya aka mayar da shi wani biro, ofishin gwamnati, a unguwar Plateau yana kula da na'urorin ma'aikata, har ya ajiye aiki. A nan ya ga yadda ake fitar da tsofaffin ordinater a jibge su a bayan gini don an kawo sababbi. Ya riƙa roƙon su yana gyarawa yana aika wa malaman ƙauye. Sai dai na'ura ba abin da za ta nuna wa yara ƙarfe ce kawai, wannan ya kai shi ga injin wasa.

Injin wasa ba ƙarfe ba ne, rubutu ne. Shi ke zana hoto a allo, shi ke jin maɓallin da ka danna, shi ke fitar da murya. Wasan kansa a bisansa ake ɗora shi, kamar yadda injin niƙa bai damu ba ko gero ka zuba ko masara. Wanda Kawu ya ɗauko, mutane ne daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka rubuta, suka bar shi a buɗe: kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, amma ya maido gyaran ga jama'a. Kawu bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, ƴan gayya yake ce musu. Abin da ya hana shi sakat shi ne sun rubuta shi don irin na'urorinsu, sababbi masu ƙarfi. A kan namu ko tashi ba ya yi. Aikin Kawu shi ne ya sa injin nan ya tashi a kan duk abin da mutanenmu ke riƙe da shi. Dashe yake kiran aikin, don ya saba ganin maƙwabtansa suna cire irin albasa suna kai shi kowane fangali da irin ƙasarsa.

Na'urori bakwai ya jera a kan katako a ɗakinsa. Ta farko tsohuwar ordinater ce mai nauyin buhu, sai ta yi ta gurnani kafin ta nuna haske. Kaka yake ce mata. Irinta ce sak a lakwal ɗin Baba, guda ɗaya tal, da batirin mota. Akwai wayoyi biyu masu madannai, allon ɗayarsu bai fi kwalin ashana ba. Akwai wata ƙaramar na'urar wasa da ya tsinto a kasuwa da tsagaggen gilashi, da wasu biyu, sai ta ƙarshe sabuwa fil da wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa, ita ce Auta. Kowace da halinta. Wata tana karanta lamba daga kai, wata daga wutsiya. Wata launi goma sha shida kawai ta sani. Wata in ka ba ta hoto da murya lokaci ɗaya sai ta shaƙe. Kowace sai ya rubuta mata nata sashen a cikin injin, ya ce in ke ce, bi ta nan.

Bai taɓa cewa na'ura ta lalace ba. In ta tsaya ta fito da rubutun kuskure, sai ya gyara tabarau ya ce: “Bari mu ji ƙorafinta.” Ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar wasiƙar dangi. Na ga ya yi kwana huɗu yana neman wurin da bai isa ɗaukar hoton fasfo ba a cikin ƙwaƙwalwar Kaka, fensir a hannu, yana ragewa nan yana ƙarawa can.

Wasan da ya ɗora a kai ba wani abin kallo ba ne. Jaki ne da buhu. Murya ta kira harafi ko lamba, yaro ya kora jakin zuwa wurin. Muryar ta Inna ce, matar Kawu, haifaffiyar Yamai, da Hausa da Zabarmanci. Bayan azahar yake ɗaukar muryarta, lokacin da unguwa ta yi shiru, ya lulluɓa mata bargo a kai don kada ƙarar waje ta shiga. A zafin nan. Na taɓa jin ta daga ƙarƙashin bargon:

“Malam, sau nawa zan ce bakwai? Bakwai ɗin ta canza ne tun ɗazu?”

“Zakara ya shiga ciki. Sake.”

“To ka yanka shi mu huta, ni da shi.”

Ni kuwa na zo hannunsa ne bayan na faɗi jarrabawa sau biyu, mahaifiyata ta sa ni mota daga ƙauyenmu na arewacin Maradi. Ya tarye ni a tasha. Har muka iso gida bai tambaye ni zancen jarrabawa ba, kuma har ya bar duniya bai tambaya ba. Washegari ya ajiye mini mataccen rediyo da ƙarfen walda, ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake riƙewa. Daga baya ya koya mini karanta rubutun na'ura. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ba yaro ba ne ni. Na kusa talatin, ina da teburina a Maourey, da aure. Da la'asar nake zuwa in taya shi gwaji. Ba ni da uzurin ƙuruciya.

Doka ɗaya gare shi: duk gyaran da aka yi, komai ƙanƙantarsa, a kan Kaka ake fara gwada shi. In ta ƙi, an fasa, ko da sauran shida sun karɓa. A kan wannan muka yi faɗa, sau ɗaya, amma mai kyau.

Na ce: “Kawu, gawar nan me take yi a nan har yanzu? Mutane sun wuce wurin.”

“Waɗanne mutane?”

“Duniya mana.”

“Duniya ta zo ta gaya maka? Ni wanda na sani yana ƙasar Tahoua da yara cike da rumfa, irin wannan ce gare shi.”

“Shi ya sa wasanmu ya yi kama da zanen gawayi. Wallahi kunyar nuna shi nake ji. A kan Auta sai mu yi abin da Turawa ma za su tsaya kallo.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “In an sauke tukunya a gidanku, wa ake fara zuba wa, mai haƙora ko wanda ba shi da su?”

“Kawu, wannan na'ura ce, ba gidan biki ba.”

“To jeka ka yi naka. Ƙofa ba ta kulle.”

Na fita na buga ƙyaure. Kwana uku ban zo ba. Ran na huɗu na dawo, ya miƙo mini waya ya ce in gwada masa maɓallin hagu, kamar ba a yi komai ba.

Shekarar ce soja suka karɓi mulki. Da rana tsaka aka ji harbi ta wajen Plateau, kafin magariba an gama. Daminar da ta wuce ba ta yi ba, kuma bayan juyin ne aka fara kiran yunwa da sunanta a rediyo. Matan ƙauye suka cika gari suna bin gidaje neman wanki ko daka. Inna ta sauya tukunya, ta ɗauko ta biki ta ɗora, ba ta sake sauke ta ba har ruwa ya sauka. A cikin wannan hali injin ya tashi a kan duka bakwai ɗin. Wasan gwaji ne a kai, haruffa goma kawai, amma jakin ya yi tafiyarsa a kan Kaka daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. Na ce ya je siber, shagon intanet, ya aika wa ƴan gayya. Ya ce sai ya share rubutun ya gyara shi tsaf, don ba a zuwa gayya da fartanya mai girgiɗi.

Bai samu yi ba. Saƙo ya zo daga ƙauyenmu cewa mutane sun fara cin irin shuka. Ya haɗa abin da ya iya na hatsi, ya samu wuri a wata babbar mota da za ta tashi a ranar, ya ba ni makullin ɗaki don in riƙa duba batura. Cikin gaggawa ya fita, hularsa ma Inna ce ta bi shi da ita.

Kwana uku da tafiyarsa wani daga tsohon bironsa ya zo nemansa. An naɗa wa biron sabon shugaba, yana son ganin abin da ƴan ƙasa suka ƙera don lakwal, nan da kwana goma. Na ce za mu zo. Ban nemi Kawu a waya ba. Na sha gaya wa kaina cewa ƙauyenmu ba ya samun layi, amma gaskiya ko gwadawa ban yi ba.

Na zauna a kan ordinater ɗin aikinsa, inda asalin rubutun yake. Na sa manyan hotuna, na sa kiɗa, na yi wa jakin inuwa. Injin ya ƙi, don Kawu ya ɗaure shi da ma'aunin Kaka. Sai na fara yanka. Duk inda na ga an ce in Kaka ce bi ta nan, in waya ce bi ta can, na cire. Ban ji tsoro ba, domin na san akwai kwafin komai a wani diski na ajiya da ke cikin akwatin teburinsa. Kwana takwas ina wannan.

Ana gobe za a je aka aiko cewa sojan ƙofa ba sa barin a shiga da na'ura, sai dai a kawo aiki a diski a sa a ordinater ɗin biro. Abin da na haɗa ya yi girma, diskin ajiyar Kawu kaɗai zai ɗauke shi, kuma na'urar biro ba ta karanta irin tsarin da Kawu ke yi wa diskinsa. Na goge shi na sake masa tsari. A raina na ce ai asali yana kan ordinater ɗin aiki. Ranar farko na dogara da ajiya na yanka asali, ranar ƙarshe na dogara da asali na goge ajiya. Ban haɗa biyun a kaina ba sai da nake zaune a kan benci a Plateau, cikin sabuwar shadda, diskin a cinyata. Zufa ta karyo mini. Wanda ke kusa da ni ya tambaya ko zazzaɓi nake.

Mun zauna tun safe har azahar. Sannan wani ya leƙo ya ce shugaba ya bi ayarin rabon abinci, za a sake kira. Ba a sake kira ba. Ba mutum ɗaya da ya ga inuwar jakina.

Har nan kuskure ne. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. A makon nan kuran ya dawo da ƙarfi wata rana da hantsi, ya ƙona fankar Inna da ƙwayayen fitilar maƙwabta. Duk unguwa ta sani. Na shiga ɗakin Kawu na rufe ƙofa, na goge abin da ya rage a kan diski biyun, na buɗe ordinater ɗin aiki, na sa ƙarfen walda na ƙona cikin diskinta yadda zai yi kama da aikin wuta. Na iya aikin, don hannun da ya koya mini gwani ne.

Ya dawo bayan mako uku ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai faɗi abin da ya gani a can ba, ya ce dai shanu sun ƙare. Na bari ya sha ruwa, sannan na ce:

“Kawu, kuran ya yi ɓarna. Na tarar da ordinater ɗin aiki a jone.”

“A jone?”

“A jone.”

Ya shiga ɗaki, ya buɗe ta, ya shinshina. Ya ce ba komai, akwai ajiya. Ya ɗauko diskin ya sa. Na tsaya a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Ya daɗe yana duban allon da ba komai a kansa. Ban ce uffan ba, kuma ban buƙaci cewa ba, don shi ya ƙarasa mini ƙaryar. Al'adarsa ce ya share diskin kafin ya zuba sabon kwafi.

Ya ce: “Na share don in kwafa, sai aka kira ni ga mota. Haka ne. Haka aka yi.” Ya sake cewa: “Haka aka yi,” har na ga ya fara tuna abin da bai faru ba.

Na ce ai wasan yana nan a kan Kaka da sauran. Ya girgiza kai, ya ce wannan dafaffe ne, ana ci amma ba ya tsira. Abin da ke kansu ba a iya buɗe shi a gyara ko a ƙara masa. Iri ne ya tafi, har da muryar Inna duka, ban da haruffa goman nan.

Da hutun lakwal Baba ya zo daga Tahoua da diskinsa a naɗe cikin tsumma, kamar yadda suka yi alkawari. Haruffa goma ya koma da su. Ya yi wa Kawu tsiya irin ta aminai: “Kai da kake hana mu barin rediyo a jone!” Kawu ya yi dariya ya ce ya ci a faɗa masa. Ta Inna ba ta wasa ba ce. Wata uku ta ƙi shiga bargo. Ta ce ba za ta sake dafa kanta don mutumin da ba ya iya zare waya daga bango ba. Shekaru bayan haka, in ya manta makulli ko ya bar buta a rana, sai ta ce: “Halin ne dai, Malam.”

Ya sake farawa daga farko. Shekara uku ta ɗauke shi, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya riƙa ƙara girman rubutu har kalma goma ta cika allo. Biyar ya samu ya dasa cikin bakwai. Kaka ta mutu kafin ya kai gare ta, ta lakwal ɗin Baba ma haka, Baba kuma ya ajiye aiki. Yaran da aka yi abin dominsu sun girma da haruffa goma. Wannan karon bai jira tsafta ba, duk abin da ya gama sai ya hau kabu-kabu ya je siber ya aika. Ƴan gayya suka karɓa suka haɗa da nasu. Ranar Asabar da safe kuma ya buɗe zaurensa ga duk mai son koyo, kuma kowane sabon ɗalibi da labarin nan ake tarye shi: “Ni da kuke gani na taɓa yin sakaci.”

Ni na janye jiki. Daga kullum na koma mako-mako, daga nan sai salla. Wata rana ina teburina a Maourey, kaina a sunkuye cikin wata waya, na ji sanda ta taɓa ƙafar tebur. Kawu ne, shi kaɗai, da idon nan, ya ratso kasuwa. Na ba shi kujera. Ya fito da takarda a ninke daga aljihu ya ce in karanta masa, shi ba ya gani. Jerin sunayen waɗanda suka yi aikin injin ne, da ƴan gayya suka fitar. Sunansa na ciki. A ƙasansa ga nawa, an rubuta mai gwaji.

“Ni na ce su sa,” in ji shi. “Wahalarka ta farko ta tafi a banza ta dalilina, kada sunan ma ya tafi.”

Na ce na gode.

Ya juya sandarsa. “Ɗana, ko na ɓata maka ne? In maganar ƙofa ba ta kulle ce, tsufa ne.”

“Haba Kawu. Aiki ne ya yi yawa.”

“To madalla. Aiki ai alheri ne.”

Na raka shi bakin titi na tare masa mota. Ya ba ni dama da hannunsa, a teburina, ba kowa a kusa, na ce aiki ne.

Na sake samun wata damar lokacin da aka yi masa aikin ido. Yana kwance a asibiti an ɗaure idanun duka biyu, Inna ta fita alwala. Na ce a raina yau ne, tunda ba zai dube ni ba. Na matsa kusa na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne: “Kawu, ya jiki?” Ya ce da sauƙi, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina cewa tsoron fushinsa nake. Ba haka ba ne. Na ji daɗin yadda yake ganina, ban so in rasa ba, na bar shi ya biya.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, masu jakunkunan nan suka matso wurin Baba. Babbansu ya ce za su rubuta wa ƴan gayya sanarwar rasuwa, a ajiye ta cikin takardun injin inda duk wanda ya ɗauka zai gani. Suna so su sa labarin diskin, don shi ne darasin da ya fi bari. Ya buɗe na'urarsa a cinya.

Baba ya ce: “To ku rubuta daidai. Ga wanda ya gani da idonsa.” Ya yafito ni. “Zo ɗana, zauna. Faɗa musu yadda ka tarar da ita.”

Na zauna. Mutumin ya ɗora yatsu a kan madannai yana jirana. Duk tsawon shekarun nan ƙaryar a baki take yawo, yanzu za ta shiga rubutu, ta je ƙasashen da Kawu bai taɓa takawa ba, da sunansa a kai, ni ne kuma shaida.

Na ce: “Ba a jone take ba.”

Baba ya karkato kunne. “Me ka ce?”

“Ya zare ta kafin ya tafi. Ajiyar ma ya yi. Ni ne.”

Na faɗa musu, kaina a ƙasa, muryata ba ta wuce tabarmar ba. Mai rubutu ya sauke hannunsa. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya zage ni. Sannan Baba ya dafa sanda ya miƙe, ya kama hannun rigata.

“Tashi. Ba mu ne masu wannan maganar ba.”

Ya ja ni ta zaure har tsakar gida. Ya yi sallama, mata suka gyara lulluɓi. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, tasbaha a hannu. Ta ɗago ta ce: “Ɗana, ka ci abinci kuwa?”

Baba ya ce: “Magana gare shi. Faɗa mata. Ka ɗaga murya, kunnenta ya yi nauyi.”

Na durƙusa a kan ƙasa a gaban matan unguwa, da matata a cikinsu, na ɗaga murya.

“Inna, Kawu bai bar komai a jone ba. Bai manta da ajiya ba. Ni na yanka aikinsa don in burge mutanen Plateau, ni na goge diskin da muryarki ke ciki, ni na sa wuta na ƙona ɗayan don kada a gane. Na tsaya a bayansa yana ɗora wa kansa, na yi shiru. Duk ranar da kika ce masa halin ne, halina ne kike faɗa, ba nasa ba. Na sa kin yi wa mijinki gori shekara goma sha huɗu a kan abin da bai yi ba. Haƙƙinsa ban san wanda zan roƙa ba yanzu. Naki nake roƙo. Inna, don Allah ki yafe mini.”